Doka da lissafin kuɗi: a karanta mana su da bakinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, daga Tawa nake rubuto wannan takarda. Ni tsohon mushen lakwal ne. Na aje alli, amma hutu bai samu ba, don duk wanda aka miƙa wa takarda da Faransanci a unguwarmu, zaurena yake nufa.

Makon jiya wata maƙwabciyata mai tuyar ƙosai ta zo da takarda naɗe cikin leda, ta ce, "Mushe, duba mini. Ni dai an ce in dangwala yatsa, na dangwala." Bashin jikka ɗari ta ci a wata ma'aikatar ba da rance, aka ce mata ruwan biyu ne cikin ɗari. A zatonta jikka biyu za ta ɗora, shi ke nan. Ashe biyun a kowane wata ne, a kan uwar kuɗin ɗungum, har wata goma: jikka ashirin, ban da kuɗin buɗe dosiye. Ta yi shiru, can ta ce, "To ai ribar ke nan duka." Matar nan ta shekara goma tana riƙe da adashin mata ashirin, ba ta taɓa kuskuren dala ɗaya ba. Harshen takardar ne ya ci ta. Kuma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa a 2014 an rage iyakar ruwan bashi a ƙasashenmu masu cin sefa zuwa 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, 24 ga ƙananan ma'aikatun rance, balle ta tambayi ina nata ya tsaya.

Littattafan tattalin kuɗi ba su yi ƙaranci ba wurin masu baza littafi a bakin titi. Na sayi biyu. An rubuta su ne don mai albashin wata a Faransa. Ba ruwansu da ɗan Adar da ke jiran aike daga ɗansa da ya tafi biɗa Abijan, ko manomin albasa a Galmi da ke kama kuɗin shekara a wata biyu ya yi ta jan su har wata kakar. Ko ƙirgarmu daban ce: takarda ta ce 100, kasuwa ta ce dala ashirin. Alhali tsarin adashi da rance na Mata Masu Dubara a Maraɗi aka faro shi a 1991, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Dabarar tamu ce, mu ya kamata mu rubuta littafinta.

Na tsarin mulki ya fi ci mini rai. Daga 1989 zuwa 2010 sau shida aka kira mu ƙuri'ar raba gardama kan sabon kundi: 1989, 1992, 1996, 1999, 2009, 2010. Duk na bi layi. Mutum nawa ne a layin suka san abin da ke ciki? Kundin 1992 ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firaminista, abin da ya kai shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou ga zaman 'yan marina a 1995, har soja suka karɓe a Janairun 1996. A fada ana ta cewa faɗan mutum biyu ne, alhali tushensa na cikin takardar da muka jefa wa "i". Haka lokacin tazarce a 2009: aya ta 36 ta kundin 1999 ta ce wa'adi biyu, Kotun Tsarin Mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta tsaya a kan haka, shugaba Tandja ya rushe kotun. Ayar nan gajera ce, amma ni na sha fassara ta a gindin bishiya kamar wani sirri.

Ga kuma dokar karkara ta 1993 da ta kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo. Da yawa ba sa jin sunan sai rigimar gona ta kai su gaban zuzu, wato alƙali.

Tunda kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ina roƙon gidanku ya ware rabin awa a mako a rediyo. A ɗauki aya ɗaya, ko takardar bashi ɗaya, a karanta ta da Hausar kasuwa, a zauna da lauya da 'yar adashi, a buɗe waya. Abin da aka tara a buga shi ƙananan littattafai da boko da ajami, kuɗinsu kada ya wuce dala ɗari. Don Allah a bar Hausar fassara mai sa mutum ya koma neman Faransancin.

Ina da fassarar wasu ayoyi cikin tsofaffin kayen ɗalibai guda uku. In kuna so, sai in ba direban motar Yamai ya kawo muku.

Naku,
Wani tsohon mushe, Tawa