Godiya ga ma'aikatan Gandun Dajin Yankari

Assalamu alaikum. Zuwa ga Yallaɓai Manaja da duk ma'aikatan da ke sansanin Wikki, da masu gadin daji, har da baban da ke kan ƙofar Mainamaji.

Na rubuto ne a madadin abokaina, malaman makaranta ne mu daga cikin garin Bauchi, muka haɗa 'yan kuɗinmu muka zo da tantinmu da tabarmi da risho saboda gaskiya aljihun malami ba zai ɗauki kuɗin ɗaki ba, kowa ya san wannan. Abin da ya sa na ga dole in yi godiyar nan a bainar jama'a shi ne yadda kuka karɓe mu. Wallahi ba wanda ya yi mana kallon 'yan tanti, yadda ake gaida Alhajin da ya kama babban ɗaki haka aka gaishe mu, aka nuna mana inda za mu kafa, kusa da ruwa da wurin alwala, sannan wani ma'aikaci ya tsaya ya ja mana kunne kan gwaggon biri, ya ce kar a bar ko leda a waje, kar a bar gilashin mota a buɗe, kuma kar wanda ya ba su abinci don in ka ba ɗaya to ka gayyato zuriyarsu gaba ɗaya. Ai kuwa mun ga zahiri, birin Wikki ba ya jin kunyar kowa.

Kwanan daji a hunturu sai mai bargo, sanyin asuba har cikin ƙashi, amma kana gangarawa ruwan Wikki shi ke nan an wuce wurin. Ruwan nan ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, yana fitowa daga ƙarƙashin dutse garau kana hango yashin ƙasa. Kuma a share yake, wanda ke kwashe shara a wurin Allah ya yi masa albarka.

Sai jagoran da ya shiga da mu daji a mota. Bawan Allahn nan ya san aikinsa. Yana kallon kashin giwa ya ce garken bai daɗe da wucewa ba, ya sa direba ya bi ta bakin kogin Gaji tunda da rani nan dabbobi ke taruwa shan ruwa, muka ga ɓauna da gwambaza da mugun dawa, kada na shan hantsi. Shi ya faɗa mana tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta mai da shi nata a 1991 kafin ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ya kai mu kogwannin Marshall waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna ciki, malamin tarihinmu sai da aka janyo shi da ƙyar. Rijiyoyin Dukkey da dutsen Kalban lokaci bai ba mu ba.

Masu gadin daji kuma, ku da kuke kwana kuna sintiri kuna fama da mafarauta don giwayen nan su tsira, mu 'yan tanti mun ɗanɗana kaɗan daga sanyi da sauron da kuke sha, Allah ya tsare ku ya mai da ku ga iyalanku lafiya.

Roƙo ɗaya Yallaɓai, in da hali a riƙa sanar da makarantu tsarin zuwa da tanti, don muna so mu dawo da ɗalibanmu bayan jarrabawa, da yawansu an haife su a Bauchi amma ko garin Dindima da ke kan hanyar zuwa Yankari ba su taɓa wucewa ba.

Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Naku,
wani malamin sakandare, Bauchi