Godiya ga Maigidan Shagon Gyaran Jita na Sabon Gari

Zuwa ga Maigida da yaransa, masu gyaran kayan kiɗa a Sabon Gari, Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so. Na yi muku godiya da baki a shago, amma zuciyata ba ta gamsu ba. Abin da kuka yi mini ya kamata 'yan'uwana makaɗa su ji shi, musamman masu ɗaukar kuɗin guminsu su sayi jita ta hannu don kawai an ambaci sunan wani shahararren makaɗi.

Jitar da na kawo muku ƙirar Les Paul ce. Wanda ya sayar mini ya ce fikof biyun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyinta, na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiya su kai wa amfilifaya, na shahararren makaɗin jita Slash ne, wato waɗanda kamfanin Seymour Duncan ke yi da sunansa, kuɗin da ya yanka ma na sunan ne. Tambarin kamfanin yana nan a fuskarsu. Sai dai na wajen jaki, inda tsirkiyoyi ke sauka a ƙasa, yana wani gurnani da ba ya ɗaukewa, ko a wutar gari ko a janareto, sautinsa kuma siriri, babu nauyi ko kaɗan.

Yaronku ne ya fara karɓarta. Ya soka waya, ya buɗe ƙara har ƙarshe, ya ɗora mitar da ke auna taurin waya ga wucewar wuta, sai ta nuna kilo-om 8.6. Ya ɗago da murna ya ce, "Maigida, ai na Slash ɗin ne, lamba ta yi daidai." Kuma bai yi ƙarya ba, domin fikof ɗin Slash na wajen jaki a nan yake zama, sama da 8 kaɗan. A wani wurin da a nan zance zai ƙare, a karɓi kuɗin dubawa a sallame ni. Ku kuwa kuka ce masa, "To gurnanin fa, daga ina?"

Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kun bayyana mana, ni da yaron, cewa irin wannan fikof mai koyil biyu, wato naɗin waya biyu, dama don kashe gurnani aka ƙirƙiro shi. Seth Lover ne ya ƙera shi a kamfanin Gibson, aka nemi rajistarsa a 1955, ya fara fitowa a jikin Les Paul a 1957. Koyil biyun suna aiki ne kishiyar juna, maganaɗisunsu ma fuskokinsa daban, shi ya sa hayaniyar wuta da ɗaya ya kwaso ɗayan yake cinye ta, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya yi kauri. Idan har yana gurnani kamar mai koyil ɗaya, to akwai magana a ciki. Kuka ɗauki sukudireba kuka ƙwanƙwasa layin kusoshin da ke da tsaga, amfilifaya ta amsa da ƙarfi. Kuka ƙwanƙwasa ɗaya layin, da ƙyar muka ji. Rabin fikof ɗin ne ke aiki, rabi yana barci.

Da kuka buɗe murfin baya sai ga dalili a fili. A tsarin Seymour Duncan baƙar waya ce ke kai sauti, ja da fara a haɗe su wuri guda a naɗe, koriya da tsirarar waya su tafi ƙasa. A tsarin wani kamfanin fikof, DiMarzio, kuwa ja ce ke kai sauti, baƙa da fara ake haɗewa. Wanda ya ɗaura wannan fikof ya bi launukan DiMarzio a kan kayan Duncan: ya haɗe baƙa da fara, ya toshe koyil ɗaya gaba ɗaya. Kuka narkar da dalmar, kuka raba wayoyin, kuka auna kowane koyil shi kaɗai, kowanne ya ba da wajen 8.8. Da aka haɗa su yadda ya kamata, mita ta tashi zuwa 17.6. Takardar da ake mannawa a ƙasansa ta daɗe da ɓamɓarewa, amma tambarin kamfanin yana nan a bugge a farantin ƙarfen. Kuka juya shi a tafin hannunku, kuka ce, "Wannan ba jabu ba ne, ɗana, amma ba na Slash ba ne. JB ne, wani fikof ɗin Seymour Duncan daban."

Yaron ya ce ai a takardar kamfani JB bai kai 17 ba, 16 ne da 'yan kai. Amsarku ban taɓa jin ta a bakin kowa ba. Kuka ce waya ta jan ƙarfe tana ƙara taurin kai idan ta ji zafi, kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. Lambar da ke takarda a ɗaki mai sanyi aka auna ta, mu kuwa muna Kano a tsakiyar bazara, kwanon shago yana tafasa. Digiri 20 na bambanci ya isa ya ƙara kashi 8 cikin 100. Sannan kuka jawo wani tsohon littafi daga ƙarƙashin tebur, bangonsa ya sha baƙin mai, kuka nuna mini yadda kuke rubuta kowane fikof da ya ratsa ta hannunku: lambarsa, launin wayoyinsa, abin da mita ta nuna, da watan da aka auna. JB ɗin da kuka auna da hunturu yana nan a wani shafi, lambarsa ƙasa da ta nawa. Wallahi littafin nan ya fi mini kowane talla daraja.

Fikof na wajen wuyan jitar bai ba da wahala ba, takardarsa tana nan: Alnico II Pro ne na gama-gari. Na ɗauka wannan ma asara ce, sai kuka ce in kwantar da hankalina. Sautin da ya fito da Slash duniya a 1987 da irin wannan na gama-garin aka ɗauke shi, a jikin wata Les Paul da ba ma Gibson ne ya ƙera ta ba, aikin hannun Kris Derrig ce. Fikof mai ɗauke da sunan Slash sai a 2010 ya fito, maganaɗisun iri ɗaya ne, an ɗan ƙara masa naɗi ne kawai. Ashe sautin ya riga sunan zuwa da shekaru sama da 20.

Daga nan hira ta buɗe, ina zaune a benci kuna aiki kuna magana. Kuka ce haka labarin yawancin fikof ɗin da ake dangantawa da shahararrun makaɗa yake. Pearly Gates sunan jitar Billy Gibbons ce, Les Paul ta 1959, fikof ɗin da ake sayarwa da wannan suna kuma ƙoƙari ne na kwaikwayon tsohon na Gibson da ke jikinta. Dimebag Darrell ya daɗe yana kaɗawa da L-500XL na Bill Lawrence kafin a yi masa Dimebucker, wanda ake gane shi daga nesa saboda dogayen ƙarafa biyu ne a fuskarsa maimakon kusoshi. Saitin Zakk Wylde na kamfanin EMG kuwa 81 ne da 85, waɗanda kowa ke iya saye ɗaiɗai. Shi kansa JB ɗin nawa, Seymour Duncan ya fara naɗa irinsa ne a Landan a shekarun 1970, a jikin wata jita da ya haɗa wa Jeff Beck.

Akwai wata jita da aka kawo gyara mai EMG, kuka sa yaro ya miƙo ta don in gani da idona. Fuskar fikof ɗin a rufe take ruf da baƙar roba, ba kusa ko ɗaya. Rubutun 81 ruwan azurfa ne, na 85 ruwan zinariya, a cikin jitar kuma ga batir mai bolt 9. Kuka ce wannan kada ma a wahalar da mita, domin akwai ƙaramin amfilifaya a cikinsa, lambar da za ta fito ba ta koyil ba ce. Kuka ƙara da gargaɗin da nake so kowa ya riƙe: ko a fikof na yau da kullum, lambar mita ba ita ce ƙarfin sauti ba. Siririyar waya tana ba da babbar lamba ko da naɗin bai fi yawa ba, irin maganaɗisun kuma yana da tasa rawar. Alnico 2 yana da laushi, Alnico 5 na JB ya fi shi kaifi, na siramik irin na Evolution da DiMarzio ke yi wa Steve Vai ya fi su duka cizo, alhali lambarsa ba ta kai ta JB ba. Mita tana faɗa maka ko wane ne, kunne ne ke faɗa maka ko ya dace da kai.

A nan ne kuka yi abin da ba kowane ɗan kasuwa zai yi ba. Da na ji JB ɗin ya dawo da ƙarfinsa, ya yi wa kiɗana yawa. Ni mai kiɗan biki ne, tsirkiya ɗaiɗai nake tsinka, ina son kowace ta fito tas, shi kuwa yana tura ƙaramar amfilifayata har ta fara dishewa. Na ce ku nemo mini na Slash ɗin na gaske ko nawa ne. Ciniki ne ya zo har gabanku, kuma da kun karɓa ba wanda zai ce kun cuce ni. Kuka girgiza kai kuka ce in dakata. Kuka sassauta kusoshin gefe biyu, fikof ɗin ya ɗan yi ƙasa nesa da tsirkiyoyi, kuka ce in kaɗa. Kuka ƙara sassautawa kaɗan, na sake kaɗawa, har dishewar ta tafi, ƙarfinsa ya zo daidai da na wajen wuya. Kuɗin dalma da na aikin hannu kaɗai kuka karɓa, su ma sai da na matsa kafin ku faɗi nawa ne.

Maigida, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi, ya albarkaci yaran da kuke koyarwa. Yaron nan da ya fara auna jitata, na ga yadda ya tsaya yana kallon hannunku bai ƙifta ido ba, kuma ban ji kun kunyata shi a gabana ba. Tambaya kuka yi masa, kuka bar shi ya gano da kansa.

Ga 'yan'uwana makaɗa na Kano da kewaye, duk wanda aka yi wa tallar jita da sunan Slash ko Zakk Wylde ko wani, ya ce wa mai ita su je Sabon Gari tare a buɗe baya a auna kafin ya ƙirga kuɗi. Roƙona gare ku kuma, Maigida, ku bari a kwafe littafin nan naku, ko da hoto ne a waya, don kada ruwa ko gara su yi mana ɓarna. Idan kun yarda, ni zan zo in yi aikin da kaina ranar da kasuwa ba ta da cunkoso.

Naku mai godiya,
Wani mai kaɗa jita daga Fagge.