Wasiƙar godiya ga wani shagon kwamfuta a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, Alhaji mai shago da yaran aikinka.

Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin noma, ina bincike a kan asarar albasa bayan girbi a yankin Aliero. Na rubuta wannan a fili ne domin abin da aka yi mini a shagonku ya wuce in yi godiya a baki in tafi.

Kafin in zo wurinku na sha wuya. Ina da alƙaluman manoma fal a kwamfuta, amma babu manhajar lissafa su. Duk shagon da na shiga magana ɗaya ce: "Kawo mu sa miki SPSS." Abin da ba sa faɗa shi ne ta sata ce. Ka biya, ka koma gida, bayan ɗan lokaci ta kulle ta ce lasisi ya ƙare, ko ta shigo maka da ƙwayar cuta. Ni tawa sai da ta lalata mini babi guda. Da na koma, sai aka ce in sake biyan kuɗin aiki.

Saurayin nan naku da ke zama ta ƙuryar shago, wanda yake ce mini "Yaya", shi ya fara tambayata wane irin bincike nake yi kafin ya taɓa kwamfutar. Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Ya ba ni shawarar Debian, tsarin tafiyar da kwamfuta da Ian Murdock ya kafa a 1993, wanda masu aikin sa-kai ke kula da shi har yau, kyauta kuma halal. Na ce ina tsoron in ɓace a ciki, don na ji manhajojinsa sun haura 60,000. Sai ya nuna mini cewa akwai ƙungiyar Debian Science da ta riga ta yi wannan wahalar: sun ware manhajojin kimiyya fanni-fanni, na lissafi daban, na ƙididdiga daban, na sinadarai daban, kamar yadda ake ware rumfuna a kasuwa. Ya rubuta umarni ɗaya, apt install science-statistics, sai ga R, manhajar lissafa alƙaluma, ta sauka tare da abubuwan da take buƙata, kowanne daidai da ɗan'uwansa, ba sai na bi su ɗaya-ɗaya a intanet ba. Ya ƙara mini PSPP, wadda ta buɗe tsofaffin fayilolina na SPSS ba gardama, da QGIS don zanen taswirar gonaki. Kuma bai ƙona mini data ba, domin kun ajiye waɗannan manhajoji a na'urar shagonku.

Abin da ya fi taɓa ni, bayan ya gama bai sallame ni ba. Ya ja mini kujera ya sa na sabunta tsarin da hannuna har na iya, ya ce ba ya so in dawo in biya kuɗi a kan abin da zan iya yi da kaina. Alhaji, ka riƙe yaron nan da kyau. Allah ya yi masa albarka, ya jiƙan magabata.

Sai dai abin yana ci mini rai. Ɗalibai nawa ne a Kalgo da Aliero da Zuru ke cire kuɗin abinci suna sayen manhajar sata, alhali ga ta halal an tsara ta? Har a ɗakunan kwamfuta na wasu makarantu ta satar ake sakawa, malami kuma ya ce dole sai da ita za a karɓi aiki. Ƙawayena biyu da ke fama da irin matsalata na riga na kwatanta musu shagonku, suna tafe ranar Asabar in Allah ya so.

Taku,
Wata ɗaliba daga Aliero