Sassaucin lasisin lantarkin iska a tekun Birtaniya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina zaune a Grimsby, garin masunta a gabar tekun Ingila. Nakan ga jiragen ruwa suna kwasar ma'aikata zuwa tashar lantarkin iska ta Hornsea da ke cikin teku, inda ɗaruruwan fankoki ke juya iska zuwa wutar lantarki.

Dokar lantarki ta 1989 ta haramta samar da wuta, jigilarta ko sayar da ita ba lasisi, amma sashe na 5 ya ba minista ikon yafe wa wasu. Ƙaramin mai sayarwa da wutarsa ba ta wuce megawat 5 ba yana iya tsira daga neman wannan lasisi, kuma ban ga laifin haka ba.

Inda nake da ja shi ne batun wayar da ke kawo wutar daga teku zuwa tudu. Ba a yarda mai fankokin ya riƙe ta har abada ba. Tun farko dokar 2013 ta ba shi wata 18 bayan kammala ta ya yi amfani da ita ba lasisi, a cikinsu ya sayar wa kamfanin da Ofgem, hukumar da ke sa ido kan harkar makamashi, ta zaɓa. Sau da yawa ciniki kan ja, wa'adi ya ƙare, sai gwamnati ta ba da sassaucin wucin gadi don kada fankoki su tsaya. To, in kullum sai an ɗaga ƙafa, ai wa'adin ne ke da gyara. Sannan a riƙa bayyana mana dalilin kowane sassauci, tunda mu ke biyan kuɗin wutar. Nawa dai ya ƙaru a hunturun nan, alhali fankokin na maƙwabtaka da ni.

Naku,
Wani mai karatu daga Grimsby