Wasiƙa daga Makka kan Hajiya da magungunanta

Misfala, Makka.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne kan abin da ka faɗa mini cewa Baba ya fara rikita magungunansa, domin ta nan muka faro da Hajiya tun kafin mu gane cewa mantuwa ce ke damunta.

Ka san ta da tsari. Shekara 15 tana shan metformin na ciwon suga da amlodipine na hawan jini, ta ɗaura su a kan lokutan salla da na abinci, ba a taɓa tuna mata ba. Bayan azumin bara, da aka mayar da maganin kan lokutansa na da, sai na tarar kwalin hawan jini na wata guda ya ƙare a kwana 20, na suga kuwa ga kati biyu nan ko ƙwaya ba a ɓalla ba. Da na tambaye ta, sai ta ce mai saidaliyya, wato kantin magani, ne ya ƙware mu. Ashe jirin da muke ɗora wa zafin Makka daga ninka maganin yake.

Abin da ya ruɗe mu shi ne sallarta ba ta sauka daga lokaci ba, haddarta tana nan, kuma har gobe tana ba da labarin yadda suka ƙetaro daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda tana yarinya. Likita ya ce ba abin mamaki ba ne, domin tsohon abu ya fi daɗewa a ƙwaƙwalwa, alhali shan magani daidai yana bukatar mutum ya tuna abin da zai yi anjima, ya san ko ya riga ya yi, ya bambance ƙwayoyi masu kama da juna, kuma waɗannan ne ke fara rauni. Ya yi mata tambayoyin gwaji masu maki 30, ya sa ta zana agogo, sannan ya auna jininta, saboda daɗewa kan metformin yana rage sinadarin B12, ƙarancinsa kuma kan kawo mantuwar da ake iya magancewa. Kada ka yarda a tsallake wannan awon.

Mu Hausawa ba mu cewa gigin tsufa sai dattijo ya ɓace a hanyar masallaci, kuma a ganina wannan jinkiri ne babba, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55. Mantawa sau ɗaya ba komai ba ce, ni ma ina yi. Abin lura shi ne mai tsari ya sauka daga ɗabi'arsa, kuskuren kuma ya riƙa maimaituwa.

Ka riƙa ƙirga ƙwayoyin Baba a ɓoye duk Juma'a, kada ka titsiye shi da tambaya gaban jikoki, domin kunya za ta sa ya musa. Ka saya masa akwatin magani mai gida bakwai, ranar ganin likita kuma ka kwashi duk abin da yake sha, har na gargajiya, ka tafi da shi.

Ka gaishe mini da Baba, ka ce ina yi masa addu'a a Harami.

Naka amini.