A Riƙa Kiran Mu 'Yan Kasuwa Zaman Rabon Ruwan Logon

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Na karanta rahoton da kuka buga kwanakin baya kan ƙungiyoyin kare muhalli da ke aiki a kewayen Tafkin Cadi, kuma na ji daɗi da aka tuna da mu. Hoton da kuka sa ne ya hana ni yin shiru: manya biyu cikin babbar riga sun durƙusa suna dasa ɗan itace guda, yaran makaranta na tafi. Malam Edita, a wajenmu aikin ruwa da ƙasa ba a wurin dashen nan yake ba. Yana gindin tsamiya, inda ake zama ana gardama har rana ta faɗi, ba mai ɗaukar hoto.

Ni bafatake ne, sana'ata banda. A Kusiri ta ƙasar Kamaru nake zaune, daga unguwarmu ana hango Injamena a tsallaken ruwa. Sama da shekara talatin ke nan ina bin ƙauyukan Zina da Logon Birni ina sayen kifi, sana'ar da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya taso daga ƙasar Haɗeja yana saurayi bai koma ba.

Don wanda bai san wurin ba: tsakanin Maga da Kusiri akwai wata shimfiɗaɗɗiyar fadama, Fulani suna ce mata yayre. Duk shekara idan damina ta nutsa, kogin Logon yakan cika ya tumbatsa, ya bazu cikin ciyawa har inda ido ya ƙare. Kifi ya bi ruwa ya shiga ya hayayyafa. Da kaka ta yi, ruwa ya fara komawa, masunta su tare kifin a hanya. Ƙasa na tsanewa sai shanu su sauko, na nan gida da na Najeriya da Cadi har da na Nijar, su ci ɗanyar ciyawa lokacin da ko'ina ya bushe. A gefe-gefe kuma, inda yumɓu ya sha ruwa ya ƙoshi, manoma su dasa masakwa, dawar da ba ta bukatar ko ɗigon ruwan sama. Kwano ɗaya ne mutum uku ke ci, amma ba a sa hannu lokaci guda. Duk rigimar da kuke ji daga nan take tasowa, ranar da wani ya sa hannu kafin lokacinsa.

A 1979 aka gama madatsar ruwa ta Maga domin noman shinkafa, aka kuma ja jinga a bakin Logon. Shinkafar nan mu ma muna cinta, ba zan yi butulci ba. Amma ruwan da ke malala cikin fadama ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, ga farin 1984 ya zo ya ƙara gishiri a ciwo. Ina yaro a lokacin, na ga kwale-kwale a kife shekara da shekaru, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Ciyawa mai daɗewa irin su jema da shinkafar daji ta mutu, wata marar amfani ta maye gurbinta. Marayan da ke gandun dajin Waza suka yi ta mutuwa, giwaye suka riƙa fita suna shiga gonakin mutane. 'Yan uwanmu na Haɗeja da Nguru ba sai an yi musu dogon bayani ba, tun da aka gina Tiga a 1974 sun san yadda fadama ke ji idan aka riƙe mata ruwa daga sama.

Sai ga 1994. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, tare da gwamnatin Kamaru da yardar mutanen wurin, suka buɗe jingar a wani wuri kusa da Tekele, ruwa ya sake bin tsohuwar hanyarsa. Abin da ya malale ya kai wajen murabba'in kilomita 200, aka ƙara buɗe wata ƙofa a 1997. Ba wani injin da aka kawo daga Turai, toshiya kawai aka cire. A shekarun da suka biyo baya mahaifina, wanda har ya fara sayar da goro don rufin asiri, ya koma kan tarwaɗa da karfasa. A 2006 aka sa fadamar cikin wuraren dausayi da duniya ta amince a kiyaye. Wannan aiki ne da ya cancanci a rubuta shi, kuma ban taɓa ganin sa a jaridar Hausa ba.

To amma inda ruwa ya koma, mutane ma can suke komawa. Nan ne maganar kanal ta shigo. Kanal wata magudana ce da masunci ke haƙawa da rani, daga wani kwari a tsakiyar fadama har bakin kogi, wata ta yi tafiyar kilomita. Idan ruwa zai janye, ta nan yake bi da kifin da ke cikinsa, mai kanal ya ɗaura babban taru a baki, ya kwashe. A da, a hannun ƙabilar Kotoko abin yake, ba mai sa shebur sai da izinin masu ruwa, kuma ba su da yawa. Yau sun kai dubbai, sun kekketa fadamar kamar zanen fuska. Makiyayi zai ce maka kanal na tsotse ruwa da wuri, ciyawa ta bushe kafin lokacinta, ga maraƙi na faɗawa ya karye. Masunci zai ce maka garke ɗaya idan ya ratsa, ya rushe masa aikin wata biyu cikin dare ɗaya. Na zauna da kowanne na sha shayi, kuma wallahi ba wanda ya yi mini ƙarya.

Abin da ya faru a 2021 ba sai na tona ba. A watan Agusta aka fara faɗa a ƙasar Logon Birni, tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma, sannan a Disamba wutar ta sake tashi daga ƙauyen Ulumsa ta iso har cikin Kusiri, aka lalata kasuwar shanu. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an ƙona ƙauyuka sama da 100, dubban mutane suka tsallaka Cadi, kuma ita kanta ta ambaci ramukan riƙe ruwa da shanu ke maƙalewa a ciki a cikin musabbabin faɗan. Iyalina ma sun kwana goma sha a gidan surukina a Injamena. Akwai wanda nake bi kuɗin kifi, akwai wanda ke bi na, duk ba su dawo ba.

Bayan ƙura ta lafa, wata ƙaramar ƙungiyar kare muhalli daga Marwa ta fara kiran zama a ƙauyuka. Ni suka ɗauka tafinta a wani ƙauye kudu da Zina, saboda ina jin Larabcin Shuwa da Fulatanci, ga ɗan Musgum na ciniki. Da farko na raina su. Mun saba da masu zuwa da farar mota, kamar waɗanda suka taɓa kafa allo a bayan garinmu suka dasa itatuwa a ƙarshen damina, ba shinge ba mai ban ruwa, kafin hunturu awaki sun gama da su, allon yana nan har yau. Waɗannan kuwa a kan babur suka zo, wata yarinya da ta yi karatun gandun daji da wani dattijo, tsohon malamin dabbobi. Ba su raba kuɗin zama ba, shayi da gyaɗa kawai.

Dattijon ya ba bulama sanda ya ce, "Ranka ya daɗe, zana mana kogin a ƙasa." Bulama ya zana. Ya karɓi sandar ya miƙa wa wani tsohon Bashuwa ya ce, "Baba, nuna mana inda shanun mahaifinka ke bi su sha ruwa." Tsohon ya ja layi uku. Aka ba masu kanal, kowa ya ja tasa. Kafin a gama kowa ya gani da idonsa cewa kanal goma sha ɗaya sun datse burtali biyu, saura guda, kuma ita ma an fara haƙa a bakinta. Ba wanda ya yi wa'azi. Wata mata mai banda, da ke zaune can baya da sauran mata, ta ɗaga murya ta ce a rubuta har da itace, domin yanzu sai ta yi tafiyar rabin yini kafin ta samo na ƙyafe kifi, kuma a hanyar ne suke haɗuwa da yaran kiwo ana zage-zage. Maza suka yi dariya, yarinyar nan ta rubuta.

Kwana biyu aka yi. Aka tsaya a kan cewa duk kanal da ta ratsa burtali a kwantar mata da baki a wuri ɗaya yadda saniya za ta sauka ta hau ba tare da ta rushe komai ba, a kafa turaku masu jan fenti a wurin. Shanu ba za su sauko ba sai bulama da ardo sun yi shela cewa an naɗe taru. Wanda ya yi ɓarna, mutum huɗu za su je su gani kafin rana ta faɗi, biyu daga kowane ɓangare, ba a kai magana wurin jandarma sai ta gagara. Aka yi fatiha. Na koma gida ina ganin an gama.

Ba a gama ba, kuma dalilin rubuta wasiƙar nan ke nan. Da rani na gaba aka wayi gari da sababbin kanal biyu a kan burtalin da ya rage. Da aka tambayi yaran da suka haƙa, suka ce su 'yan ƙwadago ne, mai kuɗin yana birni. Da garke ya sauko mako biyu kafin shela, aka tare yaron da ke kora, ya ce maigidansa ne ya bugo waya ya ce a shiga, kuma maigidan bai taɓa taka ƙauyen ba. Waɗanda suka yi rantsuwa a gindin tsamiya ba su karya alkawari ba. Waɗanda suka karya ba su san an yi zaman ba ma.

Malam Edita, bari in faɗi abin da ba na so a ji. Masunci talaka ba ya iya haƙa kanal da aljihunsa. Mu ne muke ba da kuɗin haƙa da na taru da na abincin ma'aikata tun da rani, da sharaɗin duk kifin da ya fita namu ne a farashin da muka yanka. Ni kaina akwai kanal huɗu da kuɗina ya haƙa, kuma sai ranar da na ga zanen nan a ƙasa na san ɗaya daga cikinsu tana kan hanyar shanu. Ban taɓa tambaya ba. Mu ne kuma muke sayen ƙananan kifin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, buhu-buhu, saboda masu abincin kaji na nema. Da ba mai saye, ba wanda zai sa taru mai ƙananan ido kamar gidan sauro. Haka ma shanu. Da yawa daga manyan garken da ke shiga fadama yanzu na alhazan birni ne da ma'aikata da masu ritaya, yaron da ke bayansu ɗan albashi ne, ba shi da ikon cewa a jira. Idan faɗa ya tashi, yaron kiwo da yaron taru ne ke kwana a kabari, mu muna rumfa muna lissafin asara.

Saboda haka kirana ga ƙungiyoyin nan, ƙanana da manya, har da Hukumar Tafkin Cadi da ke maƙwabtaka da mu a Injamena tun 1964: idan za ku kira zama, kada ku tsaya kan bulama da ardo da sarkin ruwa. Ku biyo mu kasuwa. Kowace kasuwar kifi tana da shugaba, kowace tike tana da sarkinta da dillalanta, sun san kanal ɗin wane da garken wane, sunan kowa na cikin littafinsu na bashi. Ku sa mu zauna a tabarma ɗaya da waɗanda muke ba bashi, a zana a gabanmu, mu sa hannu. Ɗan kasuwa yana tsoron abu biyu, asara da jin kunya a gaban 'yan uwansa, kuma duka biyun suna hannunku idan kun iya amfani da su. Masu ba da tallafi kuma su daina ƙirga itatuwan da aka dasa kaɗai. Kuɗin man babur ɗin da zai kai dattijon nan ƙauye duk wata, shekara biyar a jere, bai kai kuɗin buki ɗaya na ƙaddamarwa a otal ba, amma shi ne ake fara yankewa.

Ni dai na yi magana da wanda ke riƙe da kanal ɗina ta kan burtali. Mun yi cewa bana ba za a yashe ta ba, a bar ta ta cike da kanta, bashin da ke kansa kuma na raba biyu na yafe rabi. Bai ji daɗi ba, ni ma haka, uwargida ma ta yi kwana biyu tana mita. Na kai maganar gaban shugaban kasuwarmu, ya ce a bari sai bayan an sauke kayan bana. Mutum uku sun ce za su bi ni zama na gaba idan an kira su, ɗaya ya ce sai in za a biya masa kuɗin mota. Da zarar hanya ta tsane zan gangara Zina, in Allah ya yarda, in ga ko turakun nan masu jan fenti suna tsaye ko ambaliya ta tafi da su.

Na gode da fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani bafataken banda,
Kusiri, Jihar Arewa Mai Nisa, Kamaru.