A daina daskarar da ƙwari saboda hoto

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wani aiki da nake matuƙar ƙauna, wato ɗaukar hoton ƙwari daf da daf a cikin ɗaki, da kuma wata ɗabi'a da ke neman zama jiki ga masu yin sa.

Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san aikin akwai wuya. Idan aka matso da kamara har siffar ƙwaron a cikinta ta yi daidai da girmansa na zahiri, abin da ake kira 1:1, wurin da ke fitowa tangaran ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu, sai ka ga idon ƙuda ya fito raɗau amma fikafikansa sun dushe. In an tsuke ƙofar da haske ke shiga kamara zuwa f/11 ko f/16 (lambobin da ke nuna ƙanƙantar ƙofar) domin a faɗaɗa wannan wurin, haske ya ƙaranta, ga shi kuwa fitilar ɗaki ba rana ba ce. Wannan ya sa wasu ke ɗaukar hotuna da yawa, suna gusa kamarar kaɗan-kaɗan, sannan kwamfuta ta haɗa su wuri guda. Levon Biss, wani mai ɗaukar hoto ɗan Birtaniya wanda ya baje kolin aikinsa a gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford a 2016, yakan haɗa hotuna kusan 8,000 kafin ya samu ɗaya, amma matattun ƙwarin da ke ajiye a gidan tarihin ya ɗauka, bai kuma ɓoye hakan ba.

Damuwata ita ce masu kamo ƙwaro da ransa su jefa shi cikin firji, ko ma su kashe shi, don kawai ya daina motsi. Ni kaina na taɓa yi wa wata fara haka, kuma ba ta farfaɗo ba. Hoton yana nan, ƙafafunta a ƙanƙame, idanunta babu walƙiya, har yau ban iya nuna wa kowa shi ba.

Tun daga ranar na sauya hanya. Nakan ajiye reshe mai ganye a kan tebur, in rufe hasken filashi da farar takarda domin ya yi laushi, kada ya riƙa ƙyalli a bayan ƙwaron, sannan in jira. Filashi yakan haska ya mutu cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka, wanda ya isa ya tsayar da motsi ba tare da an taɓa ƙwaron ba. Ƙoƙi-ƙoƙi ma kan tsaya cak da kansa, har ya juyo da kai ya dubi kamara. Da na gama, sai in mayar da shi inda na ɗauko shi.

Ina kira ga abokan aikina, idan mushen ƙwaro suka tsinta suka ɗauka, su rubuta hakan a ƙasan hoton.

Naka,
Wani mai ɗaukar hoto